Kun Tambaya: Fim Ɗin Ruwanda da Kisan Ƙare Dangin Tutsi

Wasiƙun wannan fitowar daga Gombe da Bauchi suka zo, kuma duk kan batu ɗaya suke. Masu nazarin tarihi da shari'a da ke kula da wannan fili ne suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a aji biyu na jami'a. A darasin nazarin zaman lafiya malaminmu ya nuna mana fim ɗin Hotel Rwanda, ya ce kowa ya rubuto tsokaci shafi uku. Tun da na kalla hankalina bai kwanta ba. Ya za a yi mutum ya ɗauki adda ya sare maƙwabcinsa da suka yi shekaru suna ci a kwano ɗaya? Gaba ce ta kaka da kakanni? Ban san ta inda zan fara rubutun ba. Daga ɗaliba, Tudun Wada, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ki fara da cire maganar gabar kaka da kakanni daga takardarki, don shi ne kuskuren da ɗalibai suka fi tafkawa a wannan batu. Hutu, masu rinjaye a Ruwanda, da Tutsi, waɗanda tsiraru ne, harshensu ɗaya, Kinyarwanda. Tudu ɗaya suke zaune, coci ɗaya suke zuwa, suna auratayya. Bambancin ya girmi zuwan Turawa, sarauta tana hannun Tutsi, amma iyakar ba a kafe take ba: gida kan iya tashi daga wannan suna ya koma wancan idan shanu suka yi yawa ko suka ƙare. Jamusawa suka fara mulkin ƙasar, Beljiyam ta karɓe a 1916. A farkon shekarun 1930 ta ba kowa katin shaida mai ɗauke da Hutu, Tutsi ko Twa (wata ƙaramar ƙabila ta uku), ɗa ya gaji na ubansa. Ta fifita Tutsi a makaranta da muƙamai, sannan dab da 'yancin kai ta juya ta mara wa 'yan siyasar Hutu baya. A 1959 aka fara ƙone gidajen Tutsi, dubbai suka yi gudun hijira zuwa Yuganda, Burundi, Kwango da Tanzaniya. An sami 'yanci a 1962, kuma babu gwamnatin da ta goge wannan layi daga katin. Shi masu kisa suka riƙa dubawa a shingaye a 1994.

Abin da fim ba ya da lokacin nunawa shi ne shekaru huɗun da aka yi ana share fage. Ranar 1 ga Oktoba 1990 'ya'yan waɗancan 'yan gudun hijira, a ƙarƙashin ƙungiyar 'yan tawaye ta RPF, suka shigo da yaƙi daga Yuganda. Farashin kofi, wanda ƙasar ta dogara da shi, ya riga ya faɗi, ƙasar noma ta yi wa jama'a kaɗan, kujerar Shugaba Juvénal Habyarimana tana rawa. Sai na kusa da shi suka mayar da kowane Tutsi na cikin gida ɗan leƙen asirin 'yan tawaye. A Disamba 1990 jaridar Kangura ta buga "dokoki goma na Hutu", inda ta kira duk Hutun da ya auri mace Tutsi ko ya yi kasuwanci da su maci amana. A 1993 aka buɗe gidan rediyon RTLM, mai kiɗan zamani da barkwanci da matasa ke so, yana kiran Tutsi kyankyasai. Jam'iyya mai mulki tana da reshen matasa, Interahamwe. Mutanen Gombe da Bauchi sun san yadda 'yan kalare da 'yan sara-suka suka taso a inuwar siyasa. To waɗannan haka suka fara, sai dai su sojoji ne suka ba su horo, aka raba musu makamai, aka rubuta sunayen waɗanda za a fara da su. An ma gwada tun da wuri: an kashe Tutsi a arewa maso yamma a 1991, da yankin Bugesera a Maris 1992, ba a hukunta kowa ba. A Oktoba 1993 sojojin Tutsi a Burundi suka kashe zaɓaɓɓen shugaban ƙasarsu, Melchior Ndadaye, wanda Hutu ne, masu farfaganda a Kigali, babban birnin Ruwanda, suka samu abin da za su tsorata jama'a da shi.

Daren 6 ga Afrilu 1994 aka harbo jirgin Habyarimana yana shirin sauka a Kigali. Kafin gari ya waye an kafa shingaye. Ki lura da waɗanda aka fara bi gida-gida: har da 'yan siyasar Hutu masu son sulhu, ciki har da Firaminista Agathe Uwilingiyimana, wadda aka kashe ranar 7 ga wata. Sai da aka kawar da masu iya cewa a'a, sannan umarni ya gangaro ta hanyar mulki da aka saba, daga gwamnan lardi zuwa shugaban ƙaramar hukuma, zuwa kansila, har kan mai kula da gidaje goma. Jama'a sun saba a kira su aikin gayya na gwamnati, kisan ma "aiki" aka riƙa ce masa. Hukuma ta ce wa Tutsi su taru a coci, makaranta ko filin wasa za a kare su. Idan sun taru a yanke ruwa, a bar su kwanaki da yunwa, sojoji da jandarmomi su buɗe wuta su jefa gurneti, sannan 'yan adda da kulki su shiga su ƙarasa. Haka aka yi a cocin Ntarama da makarantar Murambi. Mata dubun dubata aka yi wa fyaɗe da gangan. Lardin Butare kuwa ya yi kusan mako biyu da sauƙi-sauƙi saboda gwamnansa ya ƙi ba da haɗin kai. Da aka tsige shi, shugaban riƙon ƙwarya ya je ya yi jawabi ranar 19 ga Afrilu, kisa ya ɓarke. Da a ce fushin jama'a ne kawai, ba zai jira a canza gwamna ba. Wannan misali shi kaɗai ya isa ya riƙe takardarki.

Shi kuma maƙwabcin? Masu binciken da suka zauna da fursunoni sun tarar da dalilai a cakuɗe: tsoron 'yan tawaye da ke matsowa, tsoron 'yan unguwa da ke buga ƙofa suna cewa fito ko a haɗa da kai, kwaɗayin gona da shanu da kwanon rufin wanda aka kashe, giya, da ganin cewa hukuma ce ta ce. Wani bincike ya ƙiyasta masu kisa da hannunsu kusan 200,000. Adadi ne mai tayar da hankali, amma yana nuna mafi yawan Hutu ba su kashe ba, wasu ma sun ɓoye mutane a silin da rami, an kashe wasunsu a kan haka. Don haka kada ki rubuta "Hutu sun kashe Tutsi". Ki faɗi su wa: masu tsattsauran ra'ayi a gwamnati da soja, mayaƙan jam'iyya, da farar hular da suka bi su.

Ga tsarin rubutun. Kada ki ɓata shafi kina ba da labarin fim, malamin ya kalla. Layi biyar ya isa. Zaɓi fitowa ɗaya da ta tsaya miki a rai, misali inda motoci suka kwashe Turawa suka bar 'yan ƙasa, ki bayyana ta dalla-dalla a rabin shafi. Shafi ɗaya da rabi ki ba tarihin da ke bayanta, da shekaru da sunaye. Ragowar ki faɗi abin da kika ji da abin da ya canza a tunaninki, da bakinki. A kowace jimla mai karatu ya gane ko abin da kika gani a fim ne, ko abin da tarihi ya tabbatar, ko ra'ayinki. Cakuɗa ukun nan ne ke zubar da maki.

TAMBAYA: Abin da aka nuna a fim ɗin nan haka ya faru? Kuma da gaske Majalisar Ɗinkin Duniya ta zuba ido? Daga wani ɗalibi, Yelwa, Bauchi.

AMSA: Ginshiƙin labarin gaskiya ne. Mutane sama da 1,200 sun fake a otal ɗin Mille Collines na Kigali kuma sun tsira, Paul Rusesabagina ne ke riƙe da otal ɗin a lokacin. Amma fim ɗin na 2004 ne, mafi yawansa a Afirka ta Kudu aka ɗauka, kanal ɗin da ka gani kuma ƙirƙirarre ne da aka gina a kan kwamandan gaske na rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, Janar Roméo Dallaire ɗan Kanada. Wasu da suka tsira a otal ɗin sun musanta jarumtar da aka ba manajan, sun ce ya karɓi kuɗi a hannunsu; shi ya ƙaryata. Akwai kuma wasu dalilan tsirar: otal ɗin na kamfanin Beljiyam ne, idon duniya na kansa, akwai jami'an Majalisa a wurin, daga baya aka yi musayar mutane tsakanin ɓangarorin biyu. Rusesabagina ya zama ɗan adawar gwamnatin Shugaba Paul Kagame, an yanke masa shekara 25 a 2021 bisa tuhumar ta'addanci, aka sake shi a Maris 2023. Ka ambaci taƙaddamar, ba sai ka yanke hukunci ba. Babban giɓin shi ne fim ɗin labarin waɗanda suka tsira ne a birni, alhali yawancin kisan a karkara aka yi.

Batun Majalisa kuwa, gaskiyar ta fi fim ɗaci. Ranar 11 ga Janairu 1994 Dallaire ya aika saƙo New York cewa wani na ciki ya tona masa rumbunan makamai da shirin kashe Tutsi, ya nemi izinin kwace su, aka hana shi. Da aka kashe sojojin Beljiyam goma ranar 7 ga Afrilu, ƙasarsu ta janye dakarunta. Ranar 21 ga Afrilu, ana tsakiyar kisa, Kwamitin Sulhu ya rage rundunar daga kusan 2,500 zuwa 270. Najeriya na cikin kwamitin a shekarar, Farfesa Ibrahim Gambari ne wakilinta, kuma tana cikin 'yan ƙasashen da suka nemi a ƙara ƙarfin rundunar. Sojojin Ghana sun tsaya ba su tafi ba. Kyaftin Mbaye Diagne ɗan Senegal ya yi ta ɗauko mutane a motarsa yana ratsa shingaye da su, ba ya riƙe da makami, har ajali ya same shi ranar 31 ga Mayu. Ƙarshe dai nasarar RPF a fagen yaƙi ce ta tsayar da kisan. Ta kama Kigali ranar 4 ga Yuli.

TAMBAYA: Adadin waɗanda aka kashe, wani wuri na ga 800,000, wani wuri sama da miliyan. Wanne zan rubuta? Kuma mene ne bambancin kisan kiyashi da kisan ƙare dangi? Daga wata ɗalibar koyon shari'a, Misau.

AMSA: Ki rubuta adadin tare da mai shi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta daɗe tana amfani da kimanin 800,000. Ƙidayar gwamnatin Ruwanda ta ba da sama da miliyan ɗaya. Wasu masana sun tsaya a kan aƙalla Tutsi 500,000. Duk a cikin kwana ɗari, a ƙasar da jama'arta ba su wuce miliyan bakwai da ɗoriya ba. An sami saɓanin ne saboda ƙidayar 1991 ta rage yawan Tutsi, gawawwaki da dama sun tafi a koguna da ramuka, kuma akwai gidajen da ba wanda ya rage da zai ba da suna.

A shari'a ba yawan gawa ke bambanta su ba, niyya ce. Yarjejeniyar 9 ga Disamba 1948 ta ce kisan ƙare dangi shi ne aikata ɗaya daga abubuwa biyar da nufin shafe wata al'umma, ƙabila, launin fata ko mabiya addini, gaba ɗaya ko wani sashe: kisa, mummunan rauni ga jiki ko ƙwaƙwalwa, jefa su cikin halin da zai halaka su, hana haihuwa, da kwashe 'ya'yansu da ƙarfi a kai wa wasu. Tunzura jama'a a fili laifi ne mai zaman kansa, ko ba a kai ga kisa ba. Kotun duniya da aka kafa a Arusha, Tanzaniya, ta fara tabbatar da laifin a 1998 a kan Jean-Paul Akayesu, shugaban ƙaramar hukumar Taba, ta kuma ce fyaɗe na iya zama hanyar ƙare dangi. A 2003 ta ɗaure masu RTLM da Kangura, mutanen da makaminsu makirufo ne da alƙalami. Sauran shari'o'in, kusan miliyan biyu, kotunan gacaca na cikin unguwanni suka saurara har zuwa 2012.

Sunan da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da shi tun 2018 shi ne kisan ƙare dangi a kan Tutsi. An kashe Hutu masu adawa da kisan, sojojin RPF ma sun kashe fararen hula, kuma kotun Arusha ba ta gurfanar da kowa daga cikinsu ba. Wannan giɓi ne da ya kamata ɗalibar shari'a ta faɗa. Amma waɗanda aka shirya shafewa har jarirai, don asalinsu kawai, Tutsi ne. Masu cewa "ai kowa ya kashe kowa" wannan gaskiya suke son binnewa.

TAMBAYA: Na ji an ce Musulmin Ruwanda ba su sa hannu ba, Kiristoci ne suka yi. Haka ne? Daga Kumo.

AMSA: Malam, a yi hattara da wannan magana. Ba rikicin addini ba ne. Mai kisa da wanda aka kashe galibi ɗariƙarsu ɗaya. Gaskiya ne Musulmi, waɗanda tsiraru ne a ƙasar, an shaide su da ɓoye mutane a unguwanninsu da masallatai, kuma Musulunci ya ƙaru bayan 1994. Gaskiya ne kuma wasu limaman coci sun ci amana, kamar Fada Athanase Seromba da aka samu da laifin sa a rushe cocin Nyange da katafila a kan mutanen da suka fake ciki, har Fafaroma Francis ya nemi gafara a 2017. Amma Hassan Ngeze, editan Kangura, Musulmi ne. Akwai kuma fada-fada da sistoci da suka mutu tare da waɗanda suka ɓoye.

TAMBAYA: Ni malamin tarihi ne a sakandare. Ina so in nuna wa 'yan ajin ƙarshe irin wannan fim. Me zan kiyaye? Daga Kaltungo.

AMSA: Allah ya saka da alheri, Malam. Ka kalle shi kai kaɗai tukuna, ka rubuta mintunan da ke da tsanani. Ka sanar da shugaban makaranta, a gaya wa iyaye. 'Yan ƙaramar sakandare kada su shiga. Kafin a kunna, ka ɗauki minti ashirin a allo: taswira, ƙungiyoyin da ke ciki, da shekaru biyar kacal, 1959, 1962, 1990, 1993, 1994. In ba haka ba yara za su fita da cewa wata ƙabila ce mugaye. Fim ɗin awa biyu ne, ka raba shi zama biyu, ka tanadi man janareta don kada wuta ta ɗauke a tsakiyar tashin hankali a watse a haka. Ka kunna rubutun ƙasan allo, Turancin yana da sauri. Kada ka sa shi a darasin ƙarshe. A bar aƙalla rabin awa na tattaunawa kafin a tashi.

Abu mafi muhimmanci, a ajin Gombe ko Bauchi da wuya a rasa yaron da iyayensa suka gudo daga Borno, Yobe, Adamawa ko Filato. Ka faɗa tun farko cewa duk mai son fita ya fita ba sai ya nemi izini ba, kuma wani malami ya tsaya a waje. Kada ka nuna wani yaro ka ce ya ba da labarin garinsu. Kada ka raba aji biyu a yi wasan kwaikwayon Hutu da Tutsi, sunayen za su bi yara har filin wasa. Hotunan gawawwaki daga intanet ba sa ƙara fahimta. Tambayoyinka su tsaya kan zaɓi: wa ya ba da umarni, wa ya bi, wa ya ƙi, me ya same shi.

TAMBAYA: Irin wannan zai iya faruwa a nan? Daga wata uwa, Tafawa Balewa.

AMSA: Baiwar Allah, mun san ba daga nesa kike tambaya ba. Rikicin Afrilu 1991 da ya tashi a garinku ya kai har cikin Bauchi, na bayan zaɓen 2011 ma ya ci rayuka a jihar. Akwai bambanci na gaske: a Ruwanda gwamnati ce da sojojinta da rediyonta suka shirya shafe wani ɓangare na 'yan ƙasa, kuma kiran kowane rikici kisan ƙare dangi yakan ƙara wa wutar fetur. Amma kayan haɗin iri ɗaya ne, kuma ana ganinsu tun kafin jini ya zuba. Idan aka fara kiran mutane da sunan ƙwari ko dabbobi a wa'azi, a dandalin siyasa ko a waƙa. Idan aka fara yaɗa cewa "suna shirin gamawa da mu, gara mu riga su", wanda shi ne ƙaryar da ta fi aiki a 1994. Idan ana ƙirga gidajen wasu ko sa musu alama. Idan ana tara matasa ana ba su makami da sunan tsaron kai ba tare da sanin hukuma ba. Idan an yi kisa, kwamiti ya zauna, ba a hukunta kowa ba. Idan mai kiran sulhu a cikin mutanensa ya zama shi ne munafuki. Wannan ta ƙarshen ita ce aka fi rainawa, kuma ita ta fi nuna an kusa.

Aikin da RTLM ta yi, yau saƙon murya a WhatsApp da rubutu a Facebook na iya yinsa. Idan irinsa ya shigo wayarki kada ki tura, ko da niyyar jan kunne ce, don wanda ya karɓa muryar zai saurara, ba gargaɗinki ba. Ki ɗauki hoton allon yadda lamba da kwanan wata za su fito, ki adana saƙon. A kai wa mai unguwa ko hakimi da DPO a rubuce, a riƙe kwafi, kuma a je mutum biyu ko uku daga ɓangarori daban-daban, don ƙorafin da limami da fasto suka sa wa hannu tare ya fi wuyar jefawa a aljihun tebur. Idan a rediyo aka faɗa, ki rubuta sunan tasha, shirin, rana da lokaci, a kai ƙara hukumar NBC mai kula da kafafen yaɗa labarai. Hotunan gawawwaki da ake cewa na jiya ne a garin kaza, a kira wani da ke garin a tabbatar tukuna. Da yawansu tsofaffi ne ko na wata ƙasa. Shugabannin unguwa kuma su ajiye lambobin juna tun ana zaman lafiya, su amince a kan wanda zai kira wa idan jita-jita ta tashi da dare.